Gari ya yi barci: tarihin wasan Mafia, daga aji a Mosko zuwa wayoyinku

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau tarihin wani wasa na kawo muku. Wasan hirar dare ne, irin wanda ake yi bayan an ci an sha, an gaji da kallo, labari ya ƙare amma ba wanda yake son ya tashi. Ba ya buƙatar ƙwallo, ba ya buƙatar lantarki, ba a sa kuɗi. Mutane kawai, sai 'yan guntayen takardu, sai baki. Sunansa Mafia. Wasu sun san shi da Werewolf. Wasu kuma ba su taɓa jin ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba, amma sun kwana suna danna Among Us lokacin kullen korona. To duk gida ɗaya suka fito, kuma gidan nan yana Mosko.

Bari in fara da yadda ake yinsa, don in ba ku gane wannan ba, tarihin ba zai yi muku daɗi ba.

Ku ɗauka ku 10 ne a ɗaki. Mutum ɗaya ya zama alƙalin wasa, shi ba ya cikin kowane ɓangare. Zai raba wa sauran 9 takardu a naɗe, kowa ya duba tasa a ɓoye. Guda 7 an rubuta "ɗan gari", guda 2 an rubuta "Mafia". Sai alƙali ya ce dare ya yi, gari ya yi barci. Kowa ya rufe ido ya sunkuyar da kai. Sai ya ce Mafia su farka. Mutum biyun nan su buɗe ido, su ga juna, su nuna mutum ɗaya da yatsa ba tare da ko tari ba, su sake rufe ido. Alƙali ya ce gari ya waye, an wayi gari babu wane. Wanda aka "kashe" ya koma gefe, ya ja bakinsa ya yi shiru har a gama.

To nan ne wasan yake. Sauran za su hau muhawara: wa ya yi wannan aika-aika? Kai me ya sa kake murmushi? Ke kuma tun ɗazu ba ki ce uffan ba. Ni fa na ji motsi ta ɓangarenka. A ƙarshe a kaɗa ƙuri'a, wanda aka fi ɗaga wa hannu a fitar da shi, a buɗe takardarsa. In Mafia ne, gari ya yi sowa. In ɗan gari ne, to sun kashe nasu da hannunsu. Dare ya sake yi. Haka za a yi ta yi, har ko dai a fitar da Mafia duka, ko kuma yawansu ya kai na 'yan garin da suka rage, su cinye wasa.

Ku riƙe abu ɗaya a nan. Mafia sun san juna, don haka sun san kowa. Ɗan gari kuwa kansa kaɗai ya sani.

Wanda ya ƙirƙiro wasan wani matashi ne, Dimitry Davidoff, ɗalibi a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Gwamnati ta Mosko, zamanin Tarayyar Soviet. Akan rubuta 1986 a matsayin shekarar haihuwar wasan, don a nan ya fara aikin da ya haifar da shi, amma shi da kansa ya ce a 1987 aka fara zama aka buga. Kuma ba neman nishaɗi ne ya kai shi ba. Kaya biyu ne suka haɗe masa: ga binciken karatunsa, ga kuma 'yan sakandare da yake koyarwa. Sai ya haɗa su wuri guda, ajin ya zama ɗakin gwaji. Abin da wasan ke gwadawa shi ne: in aka haɗa tsiraru masu labari da taro marasa labari, wa zai yi rinjaye?

Yanzu ku duba ƙasar da ake wannan tambayar a cikinta. Ranar 26 ga Afrilun 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl ta yi bindiga. Hukuma ba ta sanar da duniya ba sai ranar 28, bayan na'urorin wata tasha a Sweden sun gano gubar a iska. A birnin Kiev, da ke kusa da wurin, sai da aka fito da jama'a har da yara faretin 1 ga Mayu. Wasu 'yan kaɗan a ofis sun san abin da ke cikin iskar, miliyoyi ba su sani ba. Kakannin yaran da ke ajin Davidoff kuwa sun ga 1937 da 1938, lokacin Stalin, shekaru biyun da aka harbe mutum sama da 680,000, lokacin da takardar ƙorafi daga maƙwabci kan iya raba mutum da gidansa har abada. Ni dai a karatuna, wasan da ke tambayar "wa ke cikinmu yana mana murmushi da rana, yana nuna mu da yatsa da dare?" ba baƙon abu ba ne ga waɗannan yaran. A gida suka taso da tambayar, sai dai ba a furta ta. Zamanin Gorbachev ne, an fara sassauta baki, ga kuma wani malami matashi ya ba su damar yin ta da ƙarfi suna dariya.

Me ya kawo sunan Mafia a ƙasar da ba Italiya ba? A 1986 gidan talabijin na Soviet ya fara nuna wani fim ɗin Italiya mai dogon zango, La Piovra, wato sunan halittar tekun nan mai hannaye takwas. Labarin wani ɗan sanda ne, Kwamishina Cattani, da ke yaƙi da Mafia a Sicily, kuma duk inda ya juya sai ya tarar hannunsu ya riga shi. Fim ɗin ya karɓu sosai a can, mutane suka riƙa haɗa shi da wasan. Har yau a wasu wurare a Rasha, mai riƙe da takardar ɗan sanda a wasan "Kwamishina Cattani" ake ce masa.

Daga aji wasan ya shiga ɗakunan kwanan ɗalibai, daga nan sansanonin hutu, daga nan wasu jami'o'i. Ba kamfani, ba talla, ba kwali. Wanda ya buga sau ɗaya ya iya koya wa wasu. Da Tarayyar Soviet ta wargaje a 1991, ɗalibai da malamai suka bazu a duniya, wasan ya bi su Turai da Amurka. A tsakiyar shekarun 1990 har shirin talabijin aka yi da shi a Latbiya.

To, wa ke cin wasan? Nan ne ni abin ya fi burge ni, kuma lissafi ne da za ku iya yi da kanku.

Ku ɗauka mutum 5 ne, ɗaya kacal ne Mafia, an fara da rana, kuma 'yan gari ba su da wata hujja, canki-canka kawai suke yi. Ranar farko, damar su kuskure shi 4 ce cikin 5. Sun fitar da nasu, saura 4. Da dare ya kashe ɗaya, saura 3. Rana ta biyu, damar su sake kuskure 2 ce cikin 3, kuma in sun kuskure wasa ya ƙare. Ka ninka 4 cikin 5 da 2 cikin 3, za ka samu 8 cikin 15. Wato mutum ɗaya tilo, a gaban mutum huɗu, ya fi rabin lokaci yana cin wasa. Yanzu ƙara wa gari mutumin kirki ɗaya, su zama 6. Ka ce ai sun ƙara ƙarfi ko? A'a. Lissafin ya koma 5 cikin 6 sau 3 cikin 4, wato 5 cikin 8. Damar mugun ta ƙaru! Dalili shi ne yawan ranakun ƙuri'a bai ƙaru ba, biyu ne dai, amma ya samu ƙarin mutum da zai ɓuya a bayansa.

A 2008 wasu masana lissafi uku, Braverman da Etesami da Mossel, sun buga nazari a kan wasan a wata mujallar lissafi. Sun nuna cewa in babu mai bincike a cikin gari, Mafia ba sa buƙatar yawa ko kaɗan. A taron mutum 100, ko 10 ba sai sun cika ba kafin wasan ya zama kowa na iya ci. A taron 10,000 kuwa ko 100 ba sai sun cika ba. Gari na girma, kason da miyagu ke buƙata na raguwa. Amma da zarar an sa mai bincike, wato mutum ɗaya da ake ba damar tambayar alƙali a ɓoye kowane dare ko wane Mafia ne, sai lissafin ya juye, dole Mafia su zama wani kaso mai tsoka na jama'ar kafin su iya. Mutum ɗaya mai sahihin labari ya fi wa gari amfani a kan taron masu zato. Shi ya sa a kowane zama, abin da Mafia masu wayo ke fara nema shi ne wane ne mai binciken. Kuma sau da yawa ba sai sun wahala ba, gari ne ke fitar musu da shi da rana, don ya cika magana kamar wanda ya san wani abu.

Ku ƙirga gawarwaki a ƙarshen kowane wasa. Mafia ɗaya suke kashewa a dare. Gari ma ɗaya yake fitarwa a rana, kuma in Mafia suka ci, yawancin waɗanda gari ya fitar nasa ne. Kusan rabin aikin, waɗanda ake cuta ne ke yi wa masu cutarsu.

A 1997 wasan ya sake riga. Wani Ba'amurke, Andrew Plotkin, marubucin wasannin kwamfuta irin na rubutu, ya koyi Mafia, ya ga tsarin ya yi, amma sunan bai zauna masa ba. A ganinsa abin da ya fi dacewa da maƙiyin da ke kama da kowa da rana shi ne dodon tatsuniyar Turawa, mutumin da ke rikiɗa ya koma kerkeci da dare. Ya rubuta dokokin da wannan sabuwar rigar ya sa a intanet. Birni ya koma ƙauye, ɗan sanda ya koma mai duba, wasa ya zama Werewolf. A 2001 wasu Faransawa biyu, Philippe des Pallières da Hervé Marly, suka fitar da nasu a kwali da katuna masu zane, suka sa masa sunan wani ɗan ƙaramin ƙauye na gaske, Thiercelieux. Suka ƙara mayya mai maganin rai da na mutuwa, da maharbi wanda in zai mutu sai ya tafi da mutum ɗaya, da ƙaramar yarinya mai leƙe da dare. Wannan kwalin ya shiga gidaje a Faransa sosai, har Netflix ta yi fim a kansa a 2024.

Amma rigar kerkecin nan akwai jini na gaske a jikinta. A Turai ta ƙarni na 16 kotuna sun yi wa mutane shari'a bisa zargin rikiɗa. Wanda aka fi sani shi ne Peter Stumpp, wani manomi a garin Bedburg kusa da Cologne a Jamus. Ana ta samun gawarwakin mutane da dabbobi a yankin, aka kama shi, a gaban kayan azaba ya amsa cewa Shaiɗan ya ba shi wata ɗamara da ke mayar da shi kerkeci. Ranar 31 ga Oktoban 1589 aka kashe shi a bainar jama'a ta mummunar hanya, aka haɗa da 'yarsa da wata mata da ake dangantawa da shi. Ka ga wasan da ake yi ana shan lemo ana ƙyalƙyala dariya, asalin hotonsa ƙauye ne da tsoro ya cika, ana neman wanda za a ɗora wa.

Da Bahaushe ne ya sake wa wasan nan riga, na tabbata maye zai sa, ko mutumin nan na labaran da da ke rikiɗa kura da dare. Kuma mu ba sai an kai mu Jamus ba. Mun san yadda ake yi in yaro ya kwanta ciwo ya ambaci sunan wata tsohuwa a cikin zafin zazzaɓi. Mun san abin da ihun "ɓarawo!" ke jawowa a kasuwa kafin kowa ya tambayi me aka sata. Ku zauna ku kalli wasan Mafia sau uku kawai, ku ga su wa ake fara fitarwa. Baƙon da aboki ya zo da shi yau. Mai shiru. Wanda in an zarge shi yake daburcewa, alhali daburcewa halinsa ne ko a gaban malami. Wanda ya ce "ku tsaya mana, ina hujja?", don nan take za a ce yana kare ɗan uwansa. Wanda kusan ba a taɓa fara fitarwa ba shi ne wanda ya riga kowa nuna yatsa da ƙarfin murya. Bambancin kawai, a ɗaki ana buɗe takarda a ga an yi kuskure, a yi dariya, mamaci ya tashi ya ɗauko ruwa.

Daga nan kowace ƙasa ta ja wasan ta inda ta ga dama. A Sin ya zama babbar harka wajen 2016 da 2017, da shirye-shiryen kai tsaye a intanet da manhajojin waya. A Iran an fara wani shiri a 2020 mai suna Shabhaye Mafia, wato dararen Mafia, inda fitattun 'yan fim ke zama suna bugawa. Rashawa kuwa, masu abin, gasa suka mayar da shi. A tsarinsu na gasa mutum 10 ne cif a tebur, 7 jajaye, 3 baƙaƙe. Kowa minti ɗaya yake da shi ya yi magana, bi da bi. In ka yi katsalandan a rubuta maka laifi, laifi 3 ka rasa damar maganarka, na 4 ka bar tebur. Da dare abin rufe fuska ake sawa, don ba a yarda da rufe ido kawai ba. Wanda aka fara kashewa ana ba shi damar ya ambaci mutum uku da yake zargi kafin ya tashi, in ya dace ya samu maki. Ni wannan dokar ta minti ɗaya ita ce na fi so a duk gyare-gyaren da aka yi wa wasan, don ita ce ke karɓe makamin mai babbar murya.

Sai Among Us. Wani ƙaramin kamfani a Amurka, Innersloth, mutum uku kacal a lokacin, ya fitar da shi a watan Yunin 2018, kuma su da kansu sun ce daga Mafia suka samo shi. Ƙauye ya koma jirgin sararin samaniya. Shekara biyu wasan yana nan ba wani tashe, sai a tsakiyar 2020, duniya na kulle a gida, masu wasa kai tsaye a Twitch suka ɗauke shi, ya fashe. A Oktoban 2020 'yan majalisar Amurka biyu, Alexandria Ocasio-Cortez da Ilhan Omar, suka buga shi kai tsaye don jan hankalin matasa su fito zaɓe, mutum sama da 400,000 suna kallo a lokaci guda. Abin da Among Us ya ƙara mai muhimmanci shi ne hujja. Kana iya ganin mutum da idonka ya fito daga ɗakin da gawa take. Amma duk wanda ya buga ya sani, ko da ka gani da idonka, in mai laifin ya riga ka danna taro ya ce kai ne, kai za a jefa waje.

Talabijin ma bai bari ba. A 2021 aka fara De Verraders a Holan, BBC ta yi nata The Traitors a ƙarshen 2022 a wani tsohon gidan sarauta a Scotland, aka sa kuɗi masu yawa a tsakiya. Tsarin Davidoff ne sak, an dai ƙara kyamara da hawaye.

Wasan yana da aibinsa, kar in yi ta yabo. Babba shi ne wanda aka kashe a daren farko zai yi minti 30 ko fiye yana kallon wasu suna jin daɗi. Shi ya sa aka fito da irinsu One Night Ultimate Werewolf a 2014, dare ɗaya, ƙuri'a ɗaya, cikin minti 10 an gama. Na biyu, yana iya ɓata zumunci in an samu mai riƙo. Akwai wanda in amininsa ya kalle shi ido cikin ido ya yi masa ƙarya a wasa, sai ya kwana yana tunanin sau nawa aka yi masa haka a waje. Don haka ku sa doka tun farko: ba rantsuwa. Kar wanda ya ce wallahi ko ya ambaci Alƙur'ani a kan takardar wasa. Ban da nauyin abin a addini, yana kashe wasan ma, don duk wanda ya ƙi rantsewa an gano shi.

In za ku gwada a daren Sallah ko a ɗakin kwanan makaranta, ba sai kun sayi komai ba. Katin Whot ɗin da ke gidan ya isa. Ku ware tauraro 2 su zama Mafia, kuros 1 ya zama mai bincike, ƙwallo 6 su zama 'yan gari, mutum 9 kenan ban da alƙali. In kun kai 11 zuwa 13 ku ƙara tauraro ɗaya. In da rana za ku fara ƙuri'a, ku yi ƙoƙari adadin masu wasa ya zama mara, saboda lissafin nan na ɗazu. Alƙali ya riƙa zagayawa yana magana ta kowane ɓangare, don kar a gane inda ya juya. Da dare kowa ya riƙa buga cinyarsa a hankali, ƙarar ta rufe motsin hannu. Wayoyi a kife. Sannan ku sa agogo, kowa minti ɗaya, ku fara daga wanda ya fi kowa shiru.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.